Idan Hannu Ya Fara Sakin Mudu: Jawabi Kan Ciwon Jijiyoyin Motsi da Ƙwayar Gadon TARDBP

Na san kowannenku ya bar kaya a hannun yaro, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Kun saba jin mu muna magana a kan zazzaɓin cizon sauro, da sanƙarau, da ƙyanda, da rigakafin shan inna. Maganar yau daban take. Ciwon da zan yi muku bayaninsa ba a ɗaukarsa daga wani, ba shi da allurar rigakafi, kuma ba shi da yawa. A ƙasashen Turai, inda ake ƙidaya masu shi da kyau, kimanin mutum 2 ne cikin 100,000 yake kamawa a shekara. Wani zai ce, to me ya kawo shi tsakiyar kasuwa? Abin da ya kawo shi shi ne, gidan da ya faɗa wa yakan cinye jarinsa kaf kafin a san ko da sunan ciwon. A sayar da awaki, a sayar da babur, a jinginar da gona, a yi ta yawo da marar lafiya daga Maraɗi zuwa Katsina, daga Ƙonni zuwa Sakkwato, kowa da abin da zai faɗa. Ina so ku bar nan da sunan ciwon, da sanin abin da yake faruwa a cikin jiki, da abin da kuɗinku zai yi amfani a kai da wanda ba zai yi ba.

Ga yadda yakan fara. Magidanci mai shekara 50 ko 60, mai awon hatsi, sai ya ga mudu ko tiya tana suɓuce masa. Ya kasa murɗa makulli a kwaɗo, ya kasa ɓalle maɓallin riga, babban yatsansa ya daina biya masa ƙirgen kuɗi. In kun duba hannun, naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ya faɗa, ya bar rami. Wani kuma a ƙafa yake fara masa: silifa na fita ba tare da ya sani ba, yana tuntuɓe a fili inda babu ko tsakuwa. Wata a harshe: maganarta ta yi nauyi kamar ta cika baki da tuwo, ruwan sha ya riƙa ƙware ta. Tsoka takan riƙa motsi a ƙarƙashin fata, ga ɗaurewar ƙafa da dare. Abin mamaki, in ka tsikare shi da tsinke yana ji sarai. Idonsa garau, kunnensa garau, kuma yawanci yana riƙe fitsari da bayan gida. Ƙarfin ne kawai ke zurarewa, wata bayan wata, daga wannan gaɓa zuwa maƙwabciyarta.

Wannan tafiyar hawainiya ita ce ta bambanta shi da shanyewar ɓarin jiki, wadda takan faɗo wa mutum a rana ɗaya, sau da yawa a kan hawan jini. Ta bambanta shi kuma da shan inna, wadda takan kama yara da zazzaɓi, ta yi ɓarnarta cikin kwanaki ta tsaya. Sannan kada kowa ya tashi daga nan da fargaba don fatar idonsa na rawa. Rawar ido ko ta tsoka ita kaɗai, ba tare da rauni da ramewar gaɓa ba, abu ne da ke samun kusan kowa, musamman mai gajiya da mai yawan shan shayi.

A Hausa kalmar jijiya ta haɗa abu biyu, hanyar jini da hanyar saƙo. Ta saƙo nake nufi. Idan za ka ɗaga buhu, umarni yakan taso daga ƙwaƙwalwa ya sauko laka, wadda ke cikin ƙashin baya, daga laka kuma wata jijiya ta karɓa ta kai wa tsoka. Kamar attajiri ne a Kano ya aika wa wakilinsa a Jibiya, wakilin ya aika wa yaron shago a Maraɗi. Jijiyar da ke tashi daga ƙasan laka zuwa tafin ƙafa ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, amma zarenta kan kai tsawon mita guda. A wannan ciwon, masu isar da saƙon na sama da na ƙasa duka suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma jiki ba ya maye gurbinsu. Tsokar da ta daina samun saƙo sai ta rame. Idan abin ya kai ga tsokokin numfashi, a nan ajali yakan zo, galibi shekara 2 zuwa 5 daga fara ciwon. Kimanin mutum 1 cikin 10 kan wuce shekara 10. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, an gano masa shi a 1963 yana da shekara 21, bai rasu ba sai 2018, amma irinsa ba su da yawa, kuma ya sami kulawar da ba kowane gida ke iya samarwa ba.

Ku riƙe sunayen, domin a nan ne masu tsallaka iyaka kan ruɗe. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fara siffanta ciwon a birnin Paris a 1869. Shi ya sa likitan Yamai ko Damagaram ko Garwa ko Njamena zai rubuta muku maladie de Charcot, ko haruffa uku, SLA. Likitan Kano ko Zariya kuwa zai rubuta ALS ko MND. Duk abu ɗaya ne. Kuma kada a ce muku ciwon Turawa ne. Tun a 1974 Farfesa Benjamin Osuntokun da abokan aikinsa a Ibadan suka wallafa bayanin marasa lafiya 92 'yan Nijeriya da suka bi diddiginsu.

Yanzu ku ba ni hankalinku kaɗan, mu shiga cikin jikin. Wannan ɓangaren ya fi wuya, amma wanda ya iya lissafin canjin naira da sefa a ka ba zai gagare shi ba.

An gina jikinmu da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai ɗan ɗaki, mu kira shi taska. A cikin taskar aka ajiye littafin gado, wanda masana ke kira DNA. Da baƙaƙe huɗu kacal aka rubuta shi, A da C da G da T, ana ta jujjuya su har kimanin biliyan 3. An kasa littafin kundi 23, kuma kowane kundi biyu ne, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A cikinsa akwai babi wajen 20,000, kowane babi umarni ne na yadda za a ƙera wani furotin, su kuwa furotin su ne ma'aikatan jiki. Babin nan shi ake kira ƙwayar gado.

Littafin ba ya barin taska, kamar yadda babban ɗan kasuwa ba ya ba yaro asalin littafin bashinsa ya yi yawo da shi. In ana bukatar wani babi, sai a kwafe shi a wata takarda mai suna RNA. Wannan kwafewar ita ce mataki na farko. Sai dai takardar farko ba ta aikatuwa yadda take, domin umarnin a warwatse yake, guntu nan guntu can, a tsakaninsu ga dogayen layuka waɗanda ba sa cikin maganar. Dole a yanke waɗannan a zubar, a haɗa bakin guntayen masu amfani, a ɗinke su bi da bi. Aikin tela ke nan: ga yadi a shimfiɗe, ya yanko gaba, ya yanko baya, ya yanko hannu, ya ture ƙyallayen gefe, ya ɗinke. Sai an gama wannan yanka da ɗinki takardar ke fita daga taska zuwa farfajiyar ƙwaya, inda ake karanta ta a ƙera furotin. Richard Roberts da Phillip Sharp ne suka gano haka a 1977, aka ba su kyautar Nobel a 1993.

To, a kundi na 1 akwai wani babi mai suna TARDBP. Furotin ɗin da ake ƙerawa daga gare shi sunansa TDP-43, jeri ne na ƙananan sassa 414 kamar duwatsun wuya a zare. Lambar 43 ɗin nan awon nauyinsa ce kawai. Mazauninsa cikin taska ne, kuma yana da hannu a matakan nan biyu, kwafewa da yanka da ɗinki.

Yadda aka gano shi ma abin ji ne. A 1995 wasu masu bincike a birnin Dallas na Amurka suna nazarin ƙwayar cutar HIV, sai suka ga wani furotin na jikin ɗan Adam yana manne wa wani sashe na littafin ƙwayar cutar mai suna TAR, yana rage kwafe shi. Daga nan sunan ya samo asali. Ina roƙonku kada wani ya je gida ya ce ma'aikacin lafiya ya ce ciwon nan daga ƙanjamau yake. Ba haka ba ne. Kowane ɗayanmu a nan yana da TDP-43 tun yana cikin uwarsa, kuma ba a rayuwa sai da shi: ɓerayen gwaji da aka cire musu wannan babi tun a ciki suke mutuwa. Sunan ya bi wurin da aka fara ganinsa ne kawai, kamar yadda ake kiran mutum da sunan garin da aka fara saninsa.

A 2001, a birnin Trieste na Italiya, Emanuele Buratti da Francisco Baralle suka nuna cewa yana zaune a shagon telan ma. Yana gane wuraren da baƙaƙen U da G ke maimaita kansu a jikin takardar RNA, ya zauna a kai, ta haka yake nuna wa mai yanka abin da za a ɗinka da abin da za a zubar. Daga baya aka ga dubban takardu ne ke bi ta hannunsa. Har tasa takardar yakan sa wa ido, in ya ga ya yi yawa a taska ya rage ƙera kansa.

Duk wannan bai dami likitocin jijiya ba sai a 2006. Sun daɗe suna ganin wasu dunƙule-dunƙule a cikin jijiyoyin waɗanda ciwon Charcot ya kashe, ba su san da me aka yi su ba. A shekarar ne Manuela Neumann tare da Virginia Lee da John Trojanowski a Jami'ar Pennsylvania, da kuma Tetsuaki Arai da abokansa a Japan, suka gano cewa TDP-43 ne. Ya fice daga taska, ya taru a farfajiya, ya daskare kamar kitse a sanyi, taskar kuwa ta zama wayam. Ana samun wannan hali a kusan kashi 97 cikin 100 na masu ciwon. Ɓarnar ta zama biyu ke nan: ga tarkace ya toshe farfajiya, ga shago babu mai tsaro.

Ɓarna ta biyun ita ce ta fi ba ni mamaki, kuma a 2015 aka fara fahimtarta sosai a Jami'ar Johns Hopkins. A cikin ƙyallayen da ya kamata a zubar akwai wasu masu kama da yankan gaskiya, har tela na iya ruɗuwa ya ɗinka su. Ashe TDP-43 ne ke zama a kansu ya ɓoye su. Da ya bar shagon, sai a riƙa ɗinka ƙyallen banza a tsakiyar riga. Takardar ta lalace, ko a yaga ta, ko a ƙera guntun furotin marar amfani. A 2019 aka gano cewa ɗaya daga cikin waɗanda abin ke shafa shi ne STMN2, furotin ɗin da dogon zaren jijiya ke bukata don ya gyara kansa. A 2022 aka ƙara gano UNC13A, wanda ke taimaka wa jijiya ta miƙa saƙo ga ta gaba. Ku dubi jijiya mai zaren mita guda, wadda za ta yi wa mutum aiki shekara 70 ba canji, a hana ta kayan gyara, a hana ta bakin miƙa saƙo. Ba abin mamaki ba ne ita ce ke fara faɗuwa.

Na san tambayar da ke zuciyar iyaye mata: in ya kama maigida, 'ya'yana fa? Ku saurara da kyau, domin a nan ake yawan zaluntar iyali. Furotin ya bar mazauninsa abu ɗaya ne, babin da kansa ya zo da kuskuren rubutu wani abu ne daban. A wajen mutum 9 cikin 10 masu ciwon nan babu wani a danginsu da ya taɓa yi, kuma babinsu na TARDBP lafiyarsa lau. Abin da ke korar furotin ɗin daga taska a jikinsu, masana suna kan nemansa har yau. An dai san shekaru na ƙara haɗarin, ya ɗan fi kama maza, kuma shan taba na cikin abubuwan da ake tuhuma. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne ke bin dangi, kuma a cikin waɗannan ma, kuskure a TARDBP bai wuce kimanin kashi 4 ko 5 cikin 100 ba. A 2008 aka fara gano irin waɗannan iyalai, a binciken da aka yi a Landan da Montreal da wasu wurare. Akwai wasu babi da ke haddasa irinsa: SOD1 da aka gano a 1993, FUS a 2009, wanda shi ma aikinsa kusan ɗaya ne da na TDP-43, sai C9orf72 a 2011. A tsibirin Sardiniya na Italiya wani kuskuren TARDBP guda ɗaya ya yi yawa ƙwarai, domin sun gaje shi daga kaka ɗaya tun zamani mai nisa.

Inda ya kasance na gado ne ta TARDBP, hanyarsa ba irin ta sikila ba ce. Sikila sai uwa da uba duka sun bayar. Wannan kuwa ɗaya ya isa, kuma kowane ɗa yana da rabi da rabi na ɗauka ko tsallakewa. Wanda ya ɗauka ma ba lallai ne ciwon ya bayyana masa ba, wani har ya tsufa lafiya. Saboda haka gwajin jini da ake yi kafin aure ba ya nuna shi, kuma ba auren zumunci ne ke kawo wannan nau'in ba, ko da yake akwai wasu nau'o'i ƙalilan masu kama yara waɗanda auren dangi ke ƙara wa dama. A ganina, fasa auren yarinya don mahaifinta shi kaɗai ya yi wannan ciwo zalunci ne marar tushe. In kuwa mutum biyu ko uku a jini ɗaya sun yi, ko wani ya yi ciwon jijiya wani ya yi gushewar hankali yana da ƙuruciya, to a faɗa wa likita wannan tarihin dalla-dalla.

Na ambaci hankali da gangan. Wannan furotin ɗin dai, in ya daskare a gaban ƙwaƙwalwa da gefenta, wani ciwon yake kawowa, wanda likitoci ke rubutawa FTD ko DFT. Kusan rabin masu shi TDP-43 ne sanadi. Yakan fara tsakanin shekara 45 da 65, kuma ba da mantuwa yake farawa ba, da sauyin hali yake farawa. Dattijon da aka sani da kamun kai sai ya riƙa faɗar maganar da ba ta dace ba a gaban surukai. Ya ba da bashi ga duk wanda ya tambaya, ya sayar da kaya a ƙasa da sari, ya daina damuwa da rasuwar maƙwabci, ya riƙa cin zaƙi ba ƙoshi. Wani kuma kalmomi ne ke ɓace masa, ya riƙe cokali ya rasa sunansa. Kusan rabin masu ciwon Charcot suna samun ɗan abu daga wannan, ƙalilan kuma ya yi musu tsanani. In kun ga haka, kada ku ɗaure shi, kada ku doke shi, kada ku yi ta masa gori. Ku karɓi littafin shago da lambar asusun waya cikin girmamawa, ku sa amintacce kusa da shi a rumfa, ku sanar da shugaban layinku don kada 'yan damfara su yi masa ƙarƙaf. Akwai kuma dariya ko kuka da ke ɓarke wa mai ciwon Charcot ba dalili, ya kasa tsayarwa. Wannan daga lalacewar jijiya ne, ba shafar iska ba ce, kuma akwai maganin da ke rage shi.

Abu mafi muhimmanci da zan faɗa yau shi ne a je a ga likitan jijiya da wuri. Dalilina ba don ciwon Charcot na warkewa ba ne. Dalilina shi ne akwai cututtuka da dama masu kama da shi waɗanda ake warkarwa ko a tsayar da su: tarin fuka na ƙashin baya, ƙashin wuya da ya danne laka, kuturta, ciwon sukari da ya taɓa jijiya, ƙarancin bitamin B12, wani ciwon raunin tsoka da ke sa fatar ido ta riƙa faɗuwa da yamma, da gubar dalma, wadda mutanen Zamfara suka ga bala'inta a 2010. Wanda ya zauna a gida wata 8 ana masa ƙaho da tsaga, alhali tarin fuka ne a ƙashin bayansa, ya yi asarar ƙafar da za a iya ceto. Akwai likitocin jijiya a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, da babban asibitin ƙasa na Yamai. Za su duba ƙarfin gaɓoɓi, su ɗauki hoton laka, su auna jini, inda akwai na'ura kuma su sa siririyar allura a tsoka su saurari saƙon jijiya. Babu gwajin jini guda da ke cewa ga shi nan. Ko a Turai akan ɗauki kusan shekara kafin a tabbatar, don haka in likita ya ce ku dawo bayan wata 3, ba yaudararku yake ba, tafiyar ciwon yake son gani. Ku tara duk takardu a jaka ɗaya, na Faransanci da na Ingilishi, ku riƙa tafiya da su, kada a sake biyan kuɗin hoton da aka riga aka ɗauka a ɗaya ɓangaren iyaka.

In an tabbatar, ga gaskiyar magani. Akwai ƙwaya mai suna riluzole, da aka amince da ita a Amurka tun 1995. Tana ƙara wa mutum kimanin wata 2 zuwa 3, ba ta dawo da ƙarfi, tana da tsada, kuma sai ana auna hanta. Wanda ke da hali ya saya da izinin likita. Wanda ba shi da hali, ni dai ba zan ba shi shawarar sayar da gonar marayu a kanta ba. A 2023 an fito da wata allura mai suna tofersen, amma ta masu kuskuren SOD1 ce kaɗai. Ana kan gwada wasu magunguna da aka ƙera don su zauna a kan ƙyallen banzan nan na STMN2, su yi aikin da TDP-43 ya bari, sai dai har yanzu gwaji ne. Duk wanda ya tsaya da lasifika a kasuwa, ko ya turo muku saƙo a WhatsApp cewa yana da maganin da ke tsayar da shi, ko wani dillali ya ce a kai marar lafiya wata ƙasa a yi masa dashen ƙwayoyin halitta ya miƙe, kuɗinku yake so.

Abin da ke ƙara kwana da sauƙi na gaske yawancinsa a hannunku yake. Ramewa na gaggauta ciwon, don haka a ciyar da shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, abinci mai laushi mai maiƙo: kunun gyaɗa, fura da nono da aka dama da kauri, ƙwai, tuwo mai taushi da miya mai yauƙi. Ruwa tsararo ya fi ƙware shi, mai ɗan kauri ya fi bin hanya. Ya zauna a miƙe, ya ɗan sunkuyar da haɓa in zai haɗiya, kada a sa shi magana yana ci, kuma ya ci gaba da zama rabin awa bayan ya gama. Kada a taɓa yi masa ɗura, kada a ba shi komai yana kwance, domin abin da ya kauce ya faɗa huhu shi ke kawo ciwon haƙarƙari mai kisa. In haɗiya ta gagara, akwai robar da ake sawa ta ciki kai tsaye, kuma gara a yi maganarta da likita tun numfashi na da ƙarfi.

Ku lura da numfashin. Ciwon kai da safe, gyangyaɗi da rana, kasa kwanciya rigingine, muryar da ke ƙarewa a tsakiyar magana, duk alamu ne a koma asibiti. A ɗaga masa kai da ƙirji in zai yi barci, a nisanta shi da hayaƙin murhu da turaren wuta da ƙurar harmatan. Akwai na'urar da ke tura iska ta abin rufe hanci da dare, wadda aka tabbatar tana ƙara watanni, amma tana son wuta tsayayya. Iskar oksijin ta kwalba ba madadinta ba ce, tana ma iya cutarwa in ba likita ne ya tsara ba. Sannan ina ja muku kunne a kan maganin barci da tiramadol na kemis ko na 'yan tebur: suna kwantar da numfashin da dama ya raunana. A riƙa juya shi duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito, a riƙa miƙe masa gaɓoɓi a hankali kowace rana yadda masu gashin ƙashi za su koya muku.

Sai maganar baki. Ranar da harshe ya daina, mutumin yana nan, yana jin duk abin da kuke faɗa a kansa. Kada a yi rabon kayansa a gabansa kamar ba ya ɗakin. Tun yana iya magana, a zauna da shi da shaidu, ya faɗi wanda yake bi da wanda ke bin sa, a nan da ƙetaren iyaka, a rubuta, a kuma ɗauki muryarsa a waya. Ku yi yarjejeniya tun da wuri: ƙifta ido sau ɗaya i, sau biyu a'a. Wanda ya iya karatu, a rubuta masa baƙaƙe a allo, boko ko ajami, ana nunawa yana zaɓa da ido. Kuma ku maza, jinyar nan ta fi ƙarfin mace ɗaya. Ɗaga babban mutum sau shida a rana yana karya baya. A yi jeri tsakanin 'yan uwa, 'yan layinsa na kasuwa su riƙa leƙo shi suna ba shi labarin farashi, domin kansa bai bar kasuwa ba.

Wanda ke da wani a gida mai irin alamun da na lissafa, ko wanda aka ba shi takarda ya kasa karanta abin da likita ya rubuta, ya same mu a rumfarmu bayan an tashi daga nan, ko kowace ranar kasuwa. Ku zo da takardun duka, da kwalayen magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Za mu duba, mu rubuta muku takardar turawa zuwa asibitin da ya fi kusa da ku, da harshen da likitan can ke karantawa.